Kwana 4 ban sha maganin hanta ba, kunya ta hana ni komawa asibiti

Anti, ina gaisuwa. Shekarata 36, mijina ya rasu shekara 3 ke nan, ya bar ni da yara uku. Wankau nake yi da sharar gidajen mutane. Ranar da ban fita ba, ranar ba a ɗora tukunya. Watannin baya aka zo gwajin jini kyauta, na je, aka ce ina da ciwon hanta nau'in C. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin maganina: kullum in sha har mako 12, ana ba ni na kwana 28 a kowane zuwa. Na farkon na shanye shi tas ban tsallake rana ko ɗaya ba, duk da ciwon kai da kasala da rashin barci da suka sa ni gaba. Ranar karɓo na biyu ba ni da kuɗin mota, ga shi matar da nake wa wanki ta ce in na sake fashi za ta nemi wata. Yau kwana 4 ke nan ban sha ba. Tun farko ma'aikaciyar jinya ta ja mana kunne cewa kada wanda ya yi wasa da magani, don ga mutane nan a layi suna jira. Da wane ido zan kalle ta?

A gidan hayar da muke, tun da labari ya fita aka ware mini kofi, har zare aka ɗaura masa a hannu don kada a yi kuskure. An hana yaran gidan cin abinci da nawa. Dangin mijina sun fara habaici, wai a ina na kwaso. Wata maƙwabciyata ta ce ta san wani da ya shekara yana shan allurar wannan ciwon, gashinsa ya zube, ya koma kamar mai taɓin hankali, kuma bai warke ba. Ta kawo mini wani jiƙo a jarka ta ce shi ya fi. Da dare in yara sun yi barci sai in zauna in yi ta kuka. Kowa “yi haƙuri” yake ce mini. Anti, haƙurin ya ƙare. Na ɓata maganin ke nan? In haƙura da shi kawai?

Wata uwa

Ƙanwata, sannu da jiki, sannu da ɗawainiya. Ranar da wasiƙarki ta iso na aika miki layi biyu cewa ki yi sammako ki koma asibitin, ko da a ƙafa ne. Wannan ita ce doguwar amsar, na kuma buga ta a nan don na san masu irin tambayarki suna da yawa, ke ce dai kika yi ƙarfin halin rubutowa.

Ba ki ɓata maganin ba. Likitocin hanta sun daɗe da sanin cewa mutane kan tsallake kwanaki, har ƙa'ida suka yi wa abin. A tsarin da ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka ta fitar, wanda ya tsallake kwana 7 ko ƙasa da haka, ci gaba kawai zai yi nan take, ya shanye abin da aka rubuta masa tun farko. In ya kai kwana 8 zuwa sama, a nan ne ake fara neman sabon gwajin jini, wani lokacin a ƙara wa mutum makonni. In kuwa ya kai mako 3, akan dakatar da maganin a jira a ga abin da jini zai nuna. Kin ga ke nan kwana 4 da kika rasa ƙaramar magana ce, kwanakin da kunya za ta ƙara miki a kai su ne abin tsoro. Kuma in kin karɓo, kada ki ce za ki rama bashi ki haɗa na kwana biyu ki haɗiye lokaci guda. Na ranar kawai, a kan lokacinsa.

Bari mu zo kan ma'aikaciyar jinyar nan da fuskarta ta tsaya miki a rai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki shiga, ki gaishe ta, tun kafin ta buɗe fayil ki ce: “Na tsallake kwana kaza, kuɗin mota ne ba ni da shi, kuma in na bar aiki za a sallame ni. Na zo in ci gaba.” Ki faɗi adadin kwanakin daidai, kada ki rage, domin da wannan adadin likita zai yanke hukunci. Wataƙila ta yi faɗa. Faɗan minti biyu ne, ki sunkuyar da kai ya wuce ta sama. Amma kada ki tashi daga kujerar nan sai kin yi tambayoyinki. Kwana 56 suka rage miki. Za a iya ba ki su gaba ɗaya, ki huta da zuwa na uku? In ba za a iya ba, za ki iya turo wani da katinki ya karɓar miki? Akwai ƙaramin asibiti kusa da ke da za a iya ajiye miki? Ƙungiyar tana taimaka wa da kuɗin mota? Akwai lambar waya da za ki kira in irin haka ta sake faruwa? Waɗannan ba roƙon alfarma ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da shawarar a sauƙaƙa hanyar ba da maganin nan, a sauko da shi ƙananan asibitoci kusa da mutane, ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa bayarwa, don an gane cewa nisa da yawan sintiri ne ke yanke talaka daga magani.

Zan faɗi ra'ayina a kan jan kunnen da aka yi muku, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Niyyar mai kyau ce, amma irin wannan magana mai kunya take kora, marar kunya ko a jikinsa. Mai mota da albashi in ya manta magani, waya zai ɗauka. Mai wankau in ta rasa kuɗin mota, sai ta ɗauki laifin duka ta ɗora wa kanta, ta ɓuya a ɗaki. An daɗe ana yi wa marasa galihu kuɗin goro, wai ba sa bin ƙa'idar magani, har akwai lokacin da a ƙasashe da dama ake hana masu allurar miyagun ƙwayoyi maganin nan a kan wannan hujja. Da aka zo aka gwada ba su, tare da kawo abin kusa da su da kuma wanda zai riƙa tuntuɓarsu, sai aka ga suna warkewa kusan daidai da kowa, har da waɗanda suka tsallake 'yan kwanaki. Matsalar ashe a hanyar zuwa take.

Kin ce haƙurinki ya ƙare. Na karanta wasiƙarki sau uku ina neman inda ya ƙare ban gani ba. Mace ta tashi da ciwon kai, ba ta yi barcin kirki ba, ta durƙusa a kan baho tun safe har azahar, ta dawo ta tarar da kofinta da zare a hannu, amma kwana 28 cur ba ta manta ƙwayarta ba. Abin da ya ƙare miki kuɗin mota ne da kuma wanda za ki faɗa wa. “Yi haƙuri” ɗin da ake ta jefo miki kuwa, yawancinsa ma'anarsa “yi shiru, kada ki dame mu”. Wannan kam gara da ya ƙare. Haƙurin da zai kai ki ƙarshen mako 12 yana da baki, yana tambaya, yana cewa “ban da shi”, yana ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe masa jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma in bai nuna wa mai gyara ba, a jiƙe zai kwana.

Saboda haka ki zaɓi mutum ɗaya. Ban ce dangi duka ba, ban ce unguwa ba. Mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda ba ya yi miki wa'azi in kina kuka, 'yar'uwa ce, ƙawa ce, ko babbar 'yarki in ta yi wayo. Kuma kada ki ce mata “ki taimake ni” kawai, mutane ba su san yadda za su kama irin wannan roƙon ba. Ki ce: “Ranar kaza zan je asibiti, ki riƙe mini aikin gidan wance na rabin yini.” Ko: “Ki ajiye mini wannan ɗan canjin, na mota ne, ko na roƙe ki kada ki ba ni sai ranar.” Na biyun nan kada ki raina shi. Kuɗin da ke hannun uwa mai yara uku ba ya kwana, yunwar yau kullum ta fi asibitin jibi ƙarfin murya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ita kuma uwar ɗakin taki, ba dole ba ne ki faɗa mata sunan ciwonki. Ya isa ki ce likita ya sa miki ranakun zuwa, ga su, ga kuma wadda za ta tsaya miki ko ga ranar da za ki rama. Mutane sun fi jure fashin da aka sanar da su tun da wuri.

Maƙwabciyarki kuwa ba ƙarya ta yi ba, tsohon labari ne dai ta kawo miki. Sai a shekarar 1989 aka gano ƙwayar cutar nan, aikin da ya sa aka ba mutum uku, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, kyautar Nobel a 2020. Shekaru da dama bayan ganowar, maganin da ake da shi shi ne allurar interferon, sau ɗaya a mako, haɗe da ƙwayar ribavirin, na tsawon mako 24 zuwa 48. Wannan allura tana sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar mura mai tsanani, tana zubar da gashi, tana jefa wasu cikin baƙin ciki mai nauyi, ita kuma ƙwayar tana rage jini. Bayan duk wannan wahala, kusan rabi ne kawai ke warkewa. Mutumin da ta sani, Allah sarki, wannan ya sha. Daga ƙarshen 2013, da aka amince da sofosbuvir a Amurka, zance ya sauya. Magungunan yanzu kai tsaye suke tare ƙwayar cutar su hana ta hayayyafa, kuma fiye da mutum 95 cikin 100 da suka sha suna warkewa, warkewa ta gaske. Ki duba jikin kwalinki, da alama za ki ga sunan sofosbuvir tare da daclatasvir ko velpatasvir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma zuwa ƙarshen 2022 kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai suka samu magani. Abin da ke jiranki a asibitin nan, mutane miliyoyi ba su kai gare shi ba tukuna.

Ciwon kai da kasala da tashin zuciya da rashin barci suna cikin abin da aka sani game da waɗannan ƙwayoyi. Yawanci ba su da tsanani, sukan lafa, kuma suna tafiya in an gama. Ke kuma naki sun haɗu da aikin ƙarfi da ƙarancin ci da damuwa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Ki yawaita shan ruwa, musamman ranar da kika yini a rana. Don ciwon kai farasitamol ya fi dacewa, amma kaɗan; mai ciwon hanta akan ce kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya 4 masu miligiram 500. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kamar alewa, ki tambayi likita tukuna, domin in hanta ta riga ta yi tabo suna iya taɓa ƙoda ko su jawo zubar jini a ciki. In rashin barcin ne ya fi damunki kuma da dare kike shan ƙwayar, ki tambaya ko za a mayar miki da ita safe. Batun sha da yunwa kuma, don na san ya zo miki a rai a ranakun da gida babu komai: sofosbuvir da daclatasvir, haka ma sofosbuvir da velpatasvir, ana shan su ko an ci ko ba a ci ba. Wanda ake cewa lallai sai da abinci shi ne haɗin glecaprevir da pibrentasvir. Ki tabbatar wanne ne naki, kada rashin abinci ya sa ki tsallake abin da ba ya buƙatarsa.

Jarkar nan ki mayar wa mai ita da godiya, ko ki zubar a ɓoye in mayarwar za ta jawo gaba. Abin dariya, Hausa kalma ɗaya ta ba ciwon da ke sa ido ya yi rawaya da kuma abin da na zauna ina ba ki: shawara. Shi ya sa wataƙila duk wanda ya ji an ce hanta sai ya taso da tasa shawarar a jarka. Duk abin da kika haɗiya, ta hanta yake bi, kuma hantarki yanzu aiki biyu take. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya ƙona ta, ko ya karya ƙarfin ƙwayar da kike sha ba ki sani ba. Ko magungunan asibiti ma akwai waɗanda ba sa jituwa da naki: rifampicin na tarin fuka, carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, amiodarone na zuciya, wasu daga cikin magungunan ƙanjamau, kuma in naki mai velpatasvir ne, har maganin ƙwannafi da gyambon ciki yana rage masa ƙarfi. Dabara mafi sauƙi: ki tattara duk abin da kike sha a leda ɗaya ki kai a gani. Giya kuwa, ga wanda ya karanta wannan kuma yake sha, babu abin da ya fi ta saurin lalata hanta mai wannan ciwon.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti a kansu. Ido ko tafin hannu ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu sosai, ciki ko ƙafafu su kumbura, aman jini, bayan gida baƙi wuluk, ko ruɗewa da yawan gyangyaɗi da rana. Ɗaya daga cikinsu ya isa ki tafi a ranar. Ki kuma tambaya ko an gwada ki ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin ga mai ɗauke da su biyun, maganin C yakan iya tayar da B daga barci. In ba ki da B, akwai rigakafinsa, ki nema ke da yaran. Nau'in C ne ba shi da rigakafi har yanzu.

Yanzu kofin nan mai zare. Shi ya fi tsaya mini a wasiƙarki, don na hango hannun da ya zauna ya ƙulla zaren, yana ganin kansa mai tsafta da hangen nesa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ciwon hanta nau'in C ta jini yake bi. Ba ya bin kofi, ba ya bin kwano ko cokali, ba ya bin ruwan sha, musabaha, runguma, tari ko atishawa, ba ya bin kayan da kika wanke. Yaranki su ci da kowa, ba su da abin da za su shafa wa kowa ta kwano. Abin da ya kamata a ware a gidan nan shi ne reza, buroshin haƙori, abin yanke farce da allura, kuma wannan kowa ya kamata ya ware nasa, da mai ciwo da mai ganin kansa lafiya, tunda yawancin masu ɗauke da cutar ba su ma san suna da ita ba. Ke da sabulu ke tsattsaga wa hannu, in wuri ya fashe yana jini ki rufe shi da filasta, shi ke nan. In akwai mai hankali ɗaya a gidan, ki nemi ta raka ki asibiti ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Abin da suka ƙi ji daga gare ki za su ji daga mai farin kaya. In babu, kada ki ɓata ƙarfin kwana 56 ɗin nan wajen shari'a da maƙwabta. Ki sha ruwanki a kofinki, ki zauna da yaranki ki faɗa musu a fili cewa su ba ƙazamai ba ne, kuma ke magani kike sha za ki warke. Yara sukan jure wariya in sun san uwarsu ba ta yarda da dalilin ba.

Su kuma masu tambayar a ina kika kwaso, ga labarin da nake so ki riƙe. Masar ta daɗe tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan ciwo a duniya. Dalili? Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi ta kamfen ɗin yi wa jama'a allurar tsargiya ƙauye-ƙauye, da sirinjin gilashi da ake maimaitawa ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Manoma, malamai, yara 'yan makaranta, tsofaffi, layi suka bi don neman lafiya suka dawo da cutar. A 2018 ƙasar ta tashi tsaye ta gwada mutum fiye da miliyan 60, ta yi wa miliyoyi magani, kuma a watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Haka abin yake a ko'ina: allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba, kayan yanka ko huda ko cire haƙori da ba a tsaftace ba, amfani da sirinji ɗaya tsakanin masu allurar ƙwaya. Ta hanyar kwanciyar aure tana iya wucewa, amma ba kasafai ba. Kuma cuta ce mai kwanton ɓauna, takan yi shekara 20 ko fiye a jiki ba ta ce uffan ba, ta yiwu tun kina yarinya ta shige ki. Babu gwajin da zai nuna ranar da ta shiga ko ƙofar da ta bi, don haka masu habaicin da iska suke shari'a. Ba ki da bashin bayani a kansu.

Yaranki dai a gwada su, wannan ya dace. Uwa tana iya ba jariri lokacin ciki ko haihuwa, amma kusan 5 ko 6 ne cikin 100, kuma ko an samu a jikin ɗaya daga cikinsu, ana yi wa yara magani tun daga shekara 3. Ki tambaya a zuwan nan ko ƙungiyar za ta haɗa da su.

In kin karɓo maganin, ki ɗaure shi da abin da ba ki taɓa mantawa, sallar asuba ce ko wanke bakin safe, ki ajiye shi inda hannunki ke kaiwa a wannan lokacin, nesa da rana da danshi da hannun yara. Ki samu takarda ki ja layi 56, kullum ki soke ɗaya. Abin kamar wasan yara, amma ranar da zuciya ta ce miki wannan abu ba shi da ƙarshe, takardar za ta ƙaryata ta. Ranar da za ki yi nisa da gida, ki ƙulle ta ranar a bakin zani ko ki sa a aljihun jaka.

Kukan dare ban ce ki daina ba. Kin rasa miji, kin samu labarin ciwo, an ware ki a gidan da kike biyan haya, sai da dare kike da wurin ajiye kayan nan. Amma ki auna shi. In ya kai mako biyu kullum kina cikin ƙunci, abinci ba ya shiga ko da akwai, ba ki jin daɗin komai har wasan yaranki, ki faɗa a asibiti kamar yadda za ki faɗi ciwon kai, don shi ma ciwo ne mai magani. In kuwa ya taɓa zo miki a rai cewa gara ba ki a duniya, wannan ba a kwana da shi. Ki faɗa wa mutumin nan ɗaya da kika zaɓa a daren, ku tafi asibiti tare. Ki kuma tambaya ko akwai wata da ta gama maganin da za a haɗa ku. Minti goma da wadda ta bi hanyar ta fita ya fi dogon rubutuna amfani.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ne mutane da yawa ke sakin layi. Ranar da kika haɗiye ƙwayar ƙarshe ba ita ce ranar sallama ba. Sai an jira mako 12 bayanta a ɗebi jini a nemi ƙwayar cutar kanta. In ba a gan ta ba, kin warke. Ki kula, gwajin nan daban yake da na farko da aka yi miki kyauta. Wancan sawun da cutar ta bari a jini yake gani, kuma sawun yakan zauna har ƙarshen rayuwa, saboda haka in wata rana aka sake yi miki irinsa aka ce akwai, kada gabanki ya faɗi, ki nuna takardar warkewarki. Ki adana ta kamar takardar haihuwa. Warkewa kuma ba ta hana sake kamuwa, don haka duk inda za a yi miki allura ki ga an ɓare sabon sirinji a gabanki. Ki tambayi likita ko hantarki ta yi tabo mai yawa. In ta yi, za a so a riƙa duba ta da hoton ciki duk wata 6 ko bayan kin warke, in ba ta yi ba, yawanci da wannan gwajin kun rabu.

Ki sa a rubuta miki ranar gwajin a bayan katinki tun a wannan zuwan, ki kai wa mai ajiye miki canji ta gani, ku fara tara na motar ranar tun yanzu. Ki kuma rubuto mini in kin dawo, in ji ko sun yarda sun ba ki na kwana 56 ɗin gaba ɗaya.

Antinki